An Yi Wa Zanena Jan Biro A Bainar Jama'a

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, kusan shekara biyu ke nan ina koyon zane a wayata da manhajar ibisPaint, ba malami, daga bidiyo sai naci. Kwanan baya na zana wata tsohuwa zaune a bakin taga, haske yana dukan gefen fuskarta. Ban taɓa yin zanen da ya kwanta min a rai kamarsa ba. 'Yan gidanmu da ƙawayena kowa sai "Masha Allah, kin iya." Sai na saka shi a wani zauren masu zane a intanet, na rubuta "me kuka gani?" Wani da ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba ya ɗauki zanen ya bi shi da jajayen layuka, ya sake sakawa kowa yana gani. Ya ce fuskar ta karkace, hannun kamar babu ƙashi a ciki, launukan sun yi datti, wai in koma in koyi tushe kafin in riƙa ɓata wa mutane lokaci. Na cire zanen, kuma tun ranar ban sake buɗe manhajar ba. Ana cikin haka wata ƙawata da ta fara zane kwanan nan ta turo min nata ta ce in gani. Na zauna na lissafa mata duk kurakuran da ke ciki, don a ganina gaskiya ta fi. Ta ce "to, na gode." Tun daga nan ba ta sake turo min komai ba, gaisuwarmu ma ta yi sanyi. Anti, in daina nuna zanena ne? Kuma laifi na yi wa ƙawata?

Daga ƙanwarki mai son zane.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki ta biyu ita ce mai gajeriyar amsa: e, kin yi mata laifi, amma ba wanda ya fi ƙarfin gyara ba, za mu zo kansa. Ta farkon kuwa a'a, kada ki daina. Sai dai da yadda kika nemi ra'ayin mutane da yadda kika karɓe shi, duka akwai abin dubawa.

Mutumin nan abu uku ya dunƙule ya miƙo miki, ke kuma kika haɗiye su a dunƙule, shi ya sa suka tsaya miki a wuya. Akwai rashin ladabinsa, akwai abin da idonsa ya gani a zanen, akwai kuma hukuncin da ya yanke a kanki. Sai kin warware su kafin ki san na zubarwa da na ajiyewa.

Rashin ladabin ba sai mun daɗe a kansa ba. Bin zanen wani da jan layi don a nuna masa inda ƙashi ya kamata ya bi hanya ce ta koyarwa mai kyau ƙwarai, malaman zane suna yin ta kullum, kuma a zanen kwamfuta ta fi sauƙi tunda sabuwar leya, wato shimfiɗa mai kama da takarda da ake gani ta cikinta, kawai ake buɗewa a sama, ba a taɓa ainihin aikin. Amma masu zane da suka san ya kamata sukan nemi izini kafin su yi, da yawa ma a keɓe suke turawa. Shi bai nema ba, ya kuma ƙara da maganar ɓata lokaci, wadda ba ta gyara ko layi ɗaya a zanenki. Wannan nasa ne, ki bar masa kayansa. Idan ya maimaita, kina da damar rufe shi ko ki sanar da masu kula da zauren, ba sai kin tsaya cacar baki ba.

Abin da idonsa ya gani kuwa, a nan nake so ki yi ƙarfin hali, domin mai baƙar magana ma yakan ga daidai. Abin da ya sa na ba wa waɗannan maganganun uku nasa muhimmanci shi ne kowacce tana nuna wani wuri a jikin zanen. Fuska, hannu, launi. Duk maganar da za a iya ɗora mata yatsa a kan zane, ana iya gwada ta a gane ko gaskiya ce, ba tare da kin yarda da mutumin ko kin ƙi shi ba.

Fara da fuskar. Buɗe zanen ki juya shi, hagu ta koma dama. Akwai wannan a ibisPaint wajen leyoyi, akwai shi a Procreate da Clip Studio Paint, a Krita ma harafin M kawai ake dannawa. Idan fuskar ta karkace, a daƙiƙar farko za ki gani: ido ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsawo, ko haɓa ta zame gefe, ko duk kan ya jingina kamar iska tana tura shi. Kada gabanki ya faɗi, kusan kowa haka yake gani a nasa. Dalili shi ne idan mutum ya daɗe yana kallon abu ɗaya, ƙwaƙwalwarsa takan saba da shi har ta riƙa miƙe masa karkataccen layi ba da saninsa ba. Hannu kuma yana da ɓangaren da ya fi son jan layi zuwa gare shi, na dama daban, bahago daban. Juya zanen yana mayar da shi baƙo a idonki. Dabarar ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru: Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a 1519, ya bar shawara a rubuce-rubucensa cewa mai zane ya riƙa duba aikinsa a madubi, domin a nan zai gan shi kamar aikin wani, ya fi gane kurakuransa. Ke madubinki yana cikin manhaja, sai dai ki saba danna shi tun zanen yana ɗanye, ba sai kin gama shafa launi ba.

Bayan juyawar, ki auna. A kan babban mutum idanu suna kusan tsakiyar kai ne, tsakanin ƙoƙon kai da haɓa. Masu koyo sukan ɗaga su sama, saboda hankalinsu yana kan ido da hanci da baki, sai su rage wa goshi da ƙoƙon kai haƙƙinsu. Tazarar da ke tsakanin idanu biyu takan kai faɗin ido ɗaya. Waɗannan ba dokoki ba ne, fuskoki sun bambanta, balle ta tsohuwa da kunci ya faɗa. Ma'auni ne na farawa. Akwai kuma wata matsala da ta fi damun masu zane a waya: fuskar wayar ƙarama ce, dole sai an zuƙo hoton. Sai ki shafe lokaci mai tsawo a kan ido ɗaya, kina gyara gashin ido ɗaya bayan ɗaya, alhali ba ki ganin ɗayan idon kwata-kwata. Kowane ido sai ya yi kyau shi kaɗai, amma ba su san juna ba. Maganinsa ki riƙa mayar da zanen ƙarami akai-akai, har ya koma kamar girman babban yatsa, ki ga ko har yanzu mutum ne.

Hannu kuwa, kowa ya taɓa zane ya san wahalarsa. Idan aka ce hannu kamar ba ƙashi, yawanci ana nufin an zana shi da lanƙwasassun layuka masu santsi tun daga tsintsiyar hannu har ƙarshen yatsu, babu inda ya karye. Yatsa gaɓoɓi uku gare shi, babban yatsa biyu, kuma tsakanin gaɓa da gaɓa ƙashi ne miƙaƙƙe. Tafin hannu kuma kusan akwati ne mai kauri, ba leda ba. Ki ajiye hannunki na hagu yadda tsohuwar ta ajiye nata, ki ɗauke shi hoto, ki saka hoton kusa da zanen. Hannun tsoho ma ya fi nuna gaɓoɓi da jijiyoyi, don haka a zanenki rashin su zai fi fitowa fili. Duba hoto ko abu na zahiri yayin zane ba satar amsa ba ce, ƙwararru ma haka suke yi.

Sai launuka masu datti. Wannan ita ce maganar da ta fi zafi a kunne, amma ita ce ta fi saurin gyaruwa. Sau da yawa abu biyu ke jawo ta. Na farko yin inuwa da baƙi: a ɗauki baƙin launi a rage masa ƙarfi a shafa a kan fata. Inuwar fata ba baƙa ba ce, tana da nata launin, takan karkata zuwa ja mai duhu ko shunayya ko shuɗi-shuɗi, gwargwadon hasken da ke wurin da abin da ke kewaye. A zane irin naki, gefen fuskar da ba ya kallon taga yana samun ɗan hasken da ya daki bango ko tufafi ya dawo, don haka ba ya mutuwa murus. Ki gwada buɗe leya a saitin da manhajojin ke kira Multiply, ki yi inuwar da launi mai ɗan rai a maimakon baƙi, za ki ga bambanci. Na biyu shi ne yawan murza launuka da buroshi mai laushi har kowace iyaka ta narke. Hasken taga yana zuwa ne daga gefe ɗaya, yana yanka inuwa mai kaifi a ƙarƙashin hanci da haɓa, yana kuma barin mai taushi a kan kunci da goshi. In duk suka zama masu taushi, fuskar sai ta zama kamar an shafa mata toka. Don ki tabbatar, ɗauki hoton zanen ki mayar da shi baƙi da fari a manhajar hotuna ta wayarki. Idan gefen haske da gefen inuwa suka kusa zama toka iri ɗaya, to matsalar ba ta launi ba ce ma, ta tazarar haske da duhu ce. Ki kuma duba zanen a wata wayar ko kwamfuta, domin fuskokin na'urori ba sa nuna launi iri ɗaya, wanda kuma ya yi zane cikin duhu da hasken waya a ƙure yakan sha mamaki da safe.

Wataƙila ki gwada ukun nan ki tarar ya yi gaskiya a biyu, ya yi kuskure a ɗaya. Wataƙila duka ukun ya dace. Ko yaya ta kasance, ke kika gano da idonki, ba shi ya yanke miki ba.

Abu na uku, hukuncinsa: "ki koma ki koyi tushe." Wannan magana tana da kamar nauyi, amma ba ta ɗauke da komai. Wane tushe? Tsarin jikin mutum? Haske da inuwa? Nisa da kusa? Wanda ya shekara talatin yana zane ma ana iya gaya masa haka, kuma ba a yi ƙarya ba. Maganar da ta dace da kowa ba ta amfanar kowa. Kuma ki lura, ba a kan zanen take ba, a kanki take. A 1996 wasu masana biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara binciken da aka yi shekara da shekaru a kan tasirin gaya wa mutum yadda aikinsa ya kasance, suka duba sakamako 607. A dunƙule abin yana taimakawa, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin mutane lalacewa ya ƙara yi bayan an yi musu tsokaci. Bayanin da suka bayar shi ne, duk lokacin da tsokaci ya ɗauke hankalin mutum daga kan aikin ya mayar da shi kan kansa, wato "ni wane ne, na iya ko ban iya ba", amfaninsa yana raguwa. Abin da ya same ki ke nan. Makonnin nan ba tunanin hannun tsohuwa kike yi ba, tunanin ko kin cancanci riƙe alƙalami kike yi. Wannan tambayar ba ta da amsar da za ta gyara zane.

Kada kuma ki ce to daga yau yabon 'yan gida kawai za ki riƙa saurara. "Masha Allah, kin iya" ba ƙarya ba ce, ƙauna ce, kuma mai koyo yana buƙatarta don kada ya karaya. Amma ita ma a kanki take, ba a kan zanen ba, kuma tana da nata tarkon. Claudia Mueller da Carol Dweck sun yi gwaji da yaran firamare a Amurka, aka wallafa a 1998: yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, sun kuma fi saurin karaya da suka faɗi, idan aka kwatanta da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Wanda aka daɗe ana ce masa "ka iya" yakan fara tsaron sunan, sai kuskure ɗaya ya zame masa kamar an tona asiri. Ina zargin wannan yana cikin abin da ya sa jan biron nan ya yi miki zafi haka. Ki karɓi yabonsu da hannu biyu, amma in kina son ya yi miki aiki, ki tambaye su: "Ina idonki ya fara sauka?" ko "Wannan matar, me kike jin tana tunani?" Wanda bai taɓa zane ba yana iya amsa wannan, kuma amsarsa tana da daraja. Idan kina son a ga kewa a fuskar tsohuwar, ƙanenki ya ce kamar tana jin barci, kin samu labari.

A nan ne ma zan gaya miki abin da nake ganin ya fi komai amfani wajen karɓar gyara. Mai kallo ya fi iya gane inda matsala take fiye da gane maganinta. Kamar mai mota ne da ya je wurin bakanike ya ce yana jin ƙara a gaba ta dama, wai a canja masa taya. Ƙarar gaskiya ce, wurin ma daidai ne, amma tana yiwuwa ba tayar ba ce. Idan wani ya ce miki "ki ƙara wa fuskar haske", abin da ya gani shi ne fuskar ba ta fito ba. Mai yiwuwa maganin shi ne ki rage hasken bangon da ke bayanta, ko ki rage kwalliyar labulen da ke janye ido. Saboda haka ki riƙe wurin da aka nuna, ki yi nazarin maganin da kanki. Idan mutum ɗaya ya yi maganar wuri, ra'ayinsa ne, kina iya dubawa kina iya wucewa. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, akwai wani abu a wurin, ko da kowannensu maganin da ya kawo daban ne. Kamfanin Pixar mai finafinan zane yana da wani zama da manyan ma'aikatansa ke yi su faɗi ra'ayinsu a kan fim tun yana ɗanye, ba sani ba sabo, amma ƙa'idar zaman ita ce ba su da ikon tilasta wa darakta ya bi maganarsu. Su nuna ciwo, shi ya nemo magani. Ke ce daraktar zanenki.

Sai dai in ja miki kunne a kan wata mafaka da masu koyo ke yawan gudu cikinta: "ai salona ne." Za ki ji ana kawo labarin Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, wanda wani mai sharhi, Louis Leroy, ya yi wa zanensa ba'a a Faris a 1874, har sunan da ya laƙaba wa Monet da abokan zanensa don izgili ya zama sunan salon da duniya ke girmamawa yau, wato Impressionism. Labarin gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Monet ya yi koyo a ɗakin zanen wani malamin zane, Charles Gleyre, kuma tun 1865 babban baje kolin zane na Faris ya karɓi ayyukansa. Ya san ƙa'idar kafin ya kauce mata. Gwajin mai sauƙi ne: da kin so, za ki iya zana hannun daidai? In za ki iya amma kika zaɓi lanƙwasa shi, salo ne, ki tsaya a kansa. In ba za ki iya ba tukuna, ki kira shi abin da ba ki koya ba, ba abin kunya ba ne.

Yanzu ga naki gyaran wajen nema. "Me kuka gani?" ƙofa ce a buɗe, kowa zai shigo da abin da ya ga dama. Nan gaba ki ƙuntata ta. Ki faɗi abin da kike nema da zanen da kuma abin da kike so a duba: "Ina so a ji kaɗaicin matar nan. Hasken tagar ya fito kuwa? Hannun na san da saura, ina kan koyonsa." Mai ilimi zai ji daɗin irin wannan tambayar don ya san inda zai sa baki, mai neman nuna isa kuma kin rage masa fili. Ki kuma rarrabe tsakanin zanen da kika kawo a gyara da wanda kika kawo a taya ki murna. Duka biyun halal ne, amma ki faɗa. Idan gyara kike so, ki nuna tun yana ɗanyen zane, kafin ki zuba masa kwanaki. A lokacin matsar da ido aikin daƙiƙa ne, kuma zuciyarki ba ta gama ɗaure kanta da shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka gama aka sa wa hannu kuwa, duk gyaran da ya zo a kansa na zane mai zuwa ne. Kuma babban zaure ba shi ne wuri mafi kyau ba. Mutum biyu ko uku da suka ɗan fi ki, waɗanda suka san inda kika fito da inda kika dosa, sun fi taron baƙi amfani. Idan magana ta yi miki zafi, kada ki amsa a ranar, kada kuma ki goge komai. "Na gode, zan duba" ta wadatar, ba ta nufin kin yarda.

To, mu zo kan ƙawarki. Ina ganin kin riga kin gane abin da ya faru, shi ya sa kika haɗa labaran biyu a wasiƙa ɗaya. An yi miki, kin juya kin yi wa na ƙasa da ke, da sunan gaskiya. Ban ce da mugunta kika yi ba. Wanda aka yi wa gyara da zafi yakan ɗauka haka ake yi, har ya riƙa ganin tausasawa munafunci ne. Gaskiya ne gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ke ba gyara ɗaya kika nuna mata ba, kayan gaba ɗaya kika zazzage a gabanta. Kuma ta ce ki gani ne, ba ta ce ki gyara ba. Wanda ya fara zane jiya, kusan komai na zanensa yana da gyara, shi ma ya sani. Lissafa masa duka ba ya ƙara masa ilimi, domin ba wanda ke iya gyara abu goma a lokaci ɗaya. Abin da yake ji kawai shi ne "ba ki iya ba", wato dai hukuncin da aka yanke miki.

Akwai wata mai tsara raye-raye a Amurka, Liz Lerman, da ta fito da wani tsari na yin tsokaci a kan aikin fasaha a 1990, yanzu ana amfani da shi a makarantun fasaha da dama. Matakai huɗu ne, kuma jerin nasu shi ne sirrin. Da farko masu kallo su faɗi abin da ya taɓa su ko ya tsaya musu a rai a aikin. Sannan mai aikin ya yi nasa tambayoyin, a amsa masa abin da ya tambaya kawai. Sannan masu kallo su yi tambayoyin da ba a ɓoye hukunci a cikinsu ba. Daga ƙarshe ne ake faɗin ra'ayi, shi ma sai an nemi izini: "Ina da ra'ayi a kan kaza, kina so ki ji?" Mai aikin yana da damar cewa a'a. Mataki na ukun ya fi wuya. "Me ya sa bayan ya yi duhu haka?" ba tambaya ba ce, suka ce da aka ɗaura wa alamar tambaya. "Yaya kika zaɓi launin bayan?" ita ce tambaya, kuma sau da yawa kafin ta gama amsawa ita da kanta za ta ce "ai kam ya yi duhu da yawa." Abin da mutum ya gano da bakinsa ya fi zama.

Ba sai kin bi tsarin nan kamar karatu ba, tsakanin ƙawaye abin ya fi haka sauƙi. Amma ki ɗauki ruhinsa. Yabonki ya zama mai adireshi kamar yadda gyaranki yake da shi. "Ya yi kyau" ba ta gaya mata abin da za ta maimaita. "Yadda kika sa mayafin ya faɗo a kafaɗa ya nuna nauyin yadin, ido yana bin sa har fuska" tana gaya mata. Wannan ba shafa mata zuma ba ne kafin a kawo maɗaci, mutane suna gane wannan dabarar, har su daina jin yabon suna jiran "amma". Bayani ne na gaske: mai koyo sau da yawa bai san abin da ya yi daidai ba, yana iya zubar da shi a zane na gaba. Wajen gyara kuma ki zaɓi ɗaya, wanda in an gyara shi zai ɗaga zanen duka, ki faɗe shi a matsayin abin da idonki ya gani: "Idona yana ta komawa kan kunnen nan, kamar ya yi ƙasa kaɗan. Gwada juya zanen ki gani." Ki kuma auna zanenta da abin da ita take nema. Idan zanen barkwanci take yi mai manyan idanu da ƙaramin baki, kada ki auna shi da ma'aunin fuskar tsohuwarki.

Ki neme ta, kada ki jira ta huce da kanta. Ba doguwar magana ake buƙata ba, kuma kada ki kare kanki da cewa ai gaskiya kika faɗa. Ki ce mata kin duba abin da kika rubuta kin ga kin yi yawa, a lokacin ke ma ranki a ɓace yake saboda abin da aka yi wa naki zanen, ta yi haƙuri. Ki gaya mata abu ɗaya takamaimai da ya burge ki a zanen nata, na gaskiya, wanda kika tsallake ranar don kina farautar kuskure. In kina da ƙarfin zuciya, ki tura mata zanen tsohuwar tare da jan biron da aka yi masa, ki tambaye ta me ta gani a hasken tagar. Tana iya ɗaukar lokaci kafin ta sake turo miki wani abu, kada ki matsa mata. Ranar da ta turo, kafin ki ce komai ki tambaye ta ko gyara take so ko gani kawai, in ta ce gani kawai, ki gani ki yi mata barka.